Wanda ya fita daga WhatsApp bai yanke zumunci ba

A Dogon Kiriya mutum yana iya daina zaman fada, ya daina zuwa kallon kokawa, har ya daina cin kasuwa, ba wanda zai ɗauki abin da zafi. Amma ranar da ya fita daga zauren WhatsApp na dangi, kafin la'asar an aiko masa yaro: "Baba ya ce me aka yi maka?" Idan mace ce abin ya fi haka nauyi, don ita ba a ma tsayawa tambayarta. Sai dai a yanke mata hukunci a bayan idonta: ta fara girman kai, ko mijinta ya raba ta da danginta, ko akwai abin da take ɓoyewa.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji masu ilimi a rediyo suna cewa duk mai tsoron tonuwar asirinsa ya goge manhajar ya huta. Mai faɗin haka bai san abin da manhajar ta zama a ƙasar Arewa ba. Ra'ayina shi ne, wahalar fita daga waɗannan kafofi ba daga raunin zuciyar mutum ɗaya take ba. Mu ne muka kwashe hidimomin zumunci gaba ɗaya muka zuba su cikin salula, sannan muka koma muna hukunta duk wanda ya ce zai ajiye ta. Tunda mu muka ƙulla, mu ne za mu kwance.

Na yi shekaru ina koyarwa a lakwal a ƙauyukan wannan yanki, kuma a wancan zamani aikin mushe bai tsaya a allo ba. Shi ke rubuta wasiƙa, shi ke karanta ta. Matar da mijinta ya tafi cirani Ikko ko Abijan ko Kumasi takan zo bayan isha'i, ta zauna bakin ƙofa, ta faɗi abin da ke ranta: hatsi ya yi ƙasa a rumbu, yaro ya kwana biyu ba lafiya, uwar miji ta ce kaza. In rubuta, in liƙe, a ba direba ko wani mai komawa. Mutum uku ne suka san abin da ke ciki, kuma na ukun, wato mushe, ya san cewa ranar da magana ta fita daga bakinsa, zamansa a garin ya ƙare. Daga baya aka shiga yayin kaset, a ɗauki murya a aika. Shi ma kaset ɗaya ne a hannun mutum ɗaya. Labarin rasuwa a sanarwar Muryar Sahel ake jin sa, ko a tashi ɗan aike. Gayyar biki kuwa goro ne, tsohuwa ta bi gida gida ta raba.

Ban ce wancan zamani ya fi wannan ba. Na ga mutumin da ya dawo daga kurmi ya tarar har an yi sadakar arba'in ɗin mahaifiyarsa, wasiƙar tana can bisa hanya. Saƙon murya ya yi wa talakan da bai shiga lakwal ba abin da mu malamai ba mu iya yi masa ba: ya ba shi damar yin magana da ɗansa a Libiya ko Aljeriya ba tare da ya ratsa ta bakin kowa ba. Ɗan cirani ya aika kuɗi ta Nita ko Amana, ya ɗauki hoton takardar ya turo, a je a karɓa a ranar. Mai wake ya san kuɗin tiya a Dogon Dutsi ko Birnin Ƙonni kafin ya ɗora buhu a mota. Malaman makaranta a zaure suke ganin sanarwar shugabanninsu, ma'aikatan likita a nan suke sanin ranar rigakafi. Tun da matsalar tsaro ta shigo arewacin Dogon Dutsi kuma, mai tafiya yakan saurari zaure kafin ya kama hanyar Matankari ko ta Bagaruwa. Duk wannan alheri ne, kuma shi ne ya sa fitar ta yi tsada.

Akwai ɗiyar yayata, tana aure a wani ƙauye da ke nan kusa, mijinta yana Abijan yana neman abinci. Wata rana ranta ya ɓaci da uwar mijinta a kan rabon hatsi, irin ɓacin ran da ba gidan da ba a yin sa. Ta ɗauki salula ta yi wa ƙawarta ta ƙuruciya saƙon murya, ta amayar da abin da ke cikinta. A da, irin wannan maganar a bakin rijiya ake yin ta, a sauke tulu a manta. Ƙawar ba da mugun nufi ba ta tura wa yayarta don neman shawara. Yayar ta tura wa wata. Kafin sati ya zagayo an kunna muryar yarinyar nan a tsakar gidan surukanta, gaban uwar mijin, gaban faccalolinta, gaban yara. Ba ta da bakin musu, muryarta ce, da kukanta da numfashinta. Sai da manya suka shiga tsakani kafin aure ya tsaya da ƙafarsa.

Bayan wannan ta goge WhatsApp ɗin gaba ɗaya, ta ce ita da shi har abada. Na goyi bayanta. Abin da ya biyo baya ne ya sa na zauna rubuta wannan. An yi suna a gidan ƙanin babanta, ba ta ji ba, don a zaure aka sa gayyar, ba wanda ya tuna da goro. Da ba a gan ta ba aka ce ta riƙe mutane a rai. Matan adashensu suka canza ranar zubi, a zaure suka yi shawarar, ita ta zo a makare aka ce ta karya doka. Sannan mijin, wanda shi ne ya fi kowa jin zafin abin da ya faru, ya fara tambaya: kiran waya daga Abijan tsada gare shi, ta ina zai riƙa ganin yaransa, me ya sa matan abokansa duka suna nan ita kaɗai ce babu? Abin da ya ƙarasa ta shi ne rasuwar wata goggonta. Labarin ya zaga duniya, 'yan Kwatano da 'yan Agadas duk sun yi ta'aziyya, ita da ke tafiyar ƙafa daga gidan ba ta ji ba sai bayan an dawo daga maƙabarta. Da ta zo gaishe ni na tambaye ta, ta ce: "Kawu, na mayar da shi. Gara a ji sirrina da a ce ba ni da dangi." Yanzu tana cikin zauruka da yawa, ba ta cewa uffan a ko ɗaya, kuma ba ta sake buɗe cikinta ga wata ƙawa ba. Wannan rashi ne babba ga mace mai zaman jiran miji.

Kamfanin yana cewa saƙonni a kulle suke tun daga wayar mai aikawa har wayar mai karɓa, kuma tun 2016 haka tsarin yake. Na yarda. Sai dai kullen yana tsare magana ne a bisa hanya. Da ta sauka a wayar wani, ta zama tasa. Mu kuma a nan wayar ba ta mutum ɗaya ba ce. A ƙauyukan da babu wutar lantarki, salula tana wuni a shagon mai caji, cikin tarin wasu, wasu ko makulli ba su da shi. Tsohon da bai iya karatu ba jikansa ne ya buɗe masa asusun, jikan ya san lambar sirri, shi ke nemo masa saƙo ya kunna. Mata da yawa layin da suke amfani da shi da katin ɗan ƙasa na miji ko na wa aka yi masa rajista. Waya ta lalace a kai wa mai gyara da hotunan iyali duka a ciki. Ga kuma 'yan damfara masu kira su ce an turo maka lamba shida bisa kuskure, ka karanto musu, daga nan su ƙwace asusun su bi danginka suna roƙon kuɗi da sunanka. Mafi yawan asirin da ke tonuwa a Dogon Kiriya bai taɓa zuwa Amurka ba. A hannun maƙwabci yake tonuwa.

Wannan bai wanke kamfanin ba. Facebook ya sayi WhatsApp a 2014 a kan kusan dalar Amurka biliyan 19, kuma ba a biyan irin wannan kuɗi don a yi wa mutane sadaka. Ko da bai ji abin da ka faɗa ba, ya san lambarka, ya san lambobin da ke cikin wayarka idan ka ba shi izini, ya san lokacin da kake hawa da irin wayar da kake riƙe da zaurukan da kake ciki. A Janairun 2021 da WhatsApp ya fito da sababbin sharuɗɗa game da musayar bayanai da Facebook, miliyoyin mutane a duniya suka ruga Signal da Telegram, har kamfanin ya ɗage wa'adin daga Fabrairu zuwa Mayu. A watan Afrilun wannan shekarar aka baza lambobin waya da bayanan masu Facebook sama da miliyan 500 a intanet kyauta. Maƙwabtanmu na Najeriya, ta hannun hukumarsu ta kare haƙƙin masu saye, sun ci Meta, wato kamfanin da ya mallaki Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024 saboda yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasar. Brian Acton, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro WhatsApp, shi da kansa ya bar kamfanin, ya zuba dala miliyan 50 a gidauniyar Signal, kuma a 2018 ya yi kira a fili da a goge Facebook. Shi yana iyawa. Wasu samarinmu da ke karatu a Yamai da Dosso sun sauke Signal ɗin a 2021, suka tarar ba uwa, ba kawu, ba zauren 'yan gari. Kafar sadarwa da babu naka a cikinta ba ta da amfani komai kyanta, sai suka dawo.

Akwai kuma doka, wadda mutanen ƙauye da yawa ba su san tana kansu ba. Nijar ta kafa dokar laifukan intanet a Yulin 2019. A Yunin 2020 aka kama 'yar jarida Samira Sabou a Yamai bayan wani rubutu da ta yi a Facebook game da binciken kuɗin ma'aikatar tsaro. Ɗan shugaban ƙasa na lokacin ne ya kai ƙara, alhali ita ba ta ambaci sunansa ba, wani ne ya ambace shi a sharhin da ya yi ƙarƙashin rubutun. Ta kwana a kurkuku har ƙarshen Yuli kafin kotu ta sallame ta. A 2022 aka cire ɗauri daga hukuncin ɓata suna da zagi ta intanet, amma a ranar 7 ga Yuni 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a dokar da ta dawo da shi: shekara ɗaya zuwa uku a kan ɓata suna, biyu zuwa biyar a kan yaɗa abin da ke iya tada hankalin jama'a. To a duba halin manomin da aka jefa cikin zaure mai mutum ɗari biyu ba tare da an tambaye shi ba. Muryar wani da bai sani ba ta shigo tana cewa an ga 'yan bindiga a wuri kaza, ko an ce wane ne ke kai musu labari. Shi don tsoro da son ya tsirar da 'yan'uwansa sai ya tura gaba. Ya jefa kansa a hannun jandarma, ko ya jefa ran wanda aka ambata cikin haɗari. Mai hankalin da ya hango wannan ya ce bari ya fita, shi ne muke ce wa ya raina mutane.

Wani bincike da masanin tattalin arziki Leonardo Bursztyn na Jami'ar Chicago da abokan aikinsa suka fitar a 2023 ya faɗi abin da nake gani a nan, ko da yake ɗaliban Amurka suka tambaya. Da aka ce wa ɗalibi nawa za a biya shi ya rufe TikTok na sati huɗu alhali abokansa suna ciki, matsakaicin abin da suka nema dala 59 ne, na Instagram kuma dala 47. Da aka juya tambayar, aka ce idan kowa da kowa zai rufe tare fa, sai ga shi su ne ke shirye su biya: dala 28 don TikTok, dala 10 don Instagram. Wato da yawansu ba son abin suke ba, tsoron a bar su a baya ne ya riƙe su. Mu ma mun ɗanɗani haka ba da son ranmu ba. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021 an katse intanet ɗin salula a Nijar kusan kwana goma. Ban goyi bayan katsewar ba, kuma ba zan goya ba, don ta cuci 'yan kasuwa da iyalan 'yan cirani, ta kuma toshe bakin jama'a a lokacin da suke da haƙƙin magana. Amma na lura da abu guda a kwanakin: ba wanda aka zarga da rashin zumunci. Mai haihuwa ya tashi yaro a babur, mai rasuwa ya buga waya ya sa aka yi shela a masallaci. Da yake kowa a waje yake, nauyin isar da labari ya koma wuyan mai labarin, inda yake tun asali.

Wannan nauyin ne muka juya, kuma a ganina nan ne babbar ɓarnar take. A al'adarmu mai biki ne ke neman mutane. Idan ba a kai maka goro ba, kai ke da ƙorafi, kai ake ba haƙuri. Yanzu mai biki ya danna waya sau ɗaya ya ce ya gama, sauran aiki naka ne: ka sayi mega, ka nemi inda rezo ke kamawa, ka saurari saƙonni tamanin na gaisuwa da wa'azi da tallan magani don ka tsinci wanda ya shafe ka. In ka rasa shi kai ne mai laifi. Alamar shuɗin nan da ke nuna an buɗe saƙo ta ƙara wa abin gishiri, har dattijo yana ƙirga wanda ya ji bai amsa ba.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a fuska. Wani abokina, shi ne admin na zauren 'yan asalin garinsu, ya ce: "Mushe, zumunci umurnin Allah ne, kuma yau ta nan ake yin sa. Wanda ya fita ya guji jama'a." Ina girmama shi, don da zauren nasu suka tara kuɗi suka gyara famfon garin, suka kai marasa lafiya asibiti. Amma addinin da ya yi umurni da zumunci shi ne a Suratul Hujurat ya hana bin diddigin asirin mutane da cin namansu a bayan ido. Malamanmu sun karantar da mu cewa maganar da aka faɗa maka a keɓe amana ce. Tura muryar wani ba da izininsa ba cin amana ne, ko da shawara ka je nema, ko da gaskiya ya faɗa. Ban cika jin an tsaya a kan wannan a huɗubar Juma'a ba, alhali an raba aure da shi, an raba 'yan'uwa da shi. Wanda ya ja jikinsa daga wurin da ake yin haka bai guji jama'a ba. Yana nan a gidansa, ƙofarsa a buɗe, lambarsa tana shiga.

Gwamnati tana da nata rabon. Tun 2017 muke da dokar kare bayanan mutum, da hukumar HAPDP da aka ɗora wa aikin. Ina so in ji muryar wannan hukuma a rediyoyin karkara, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci, tana gaya wa mace a Sukukutan ko Dan Kasari cewa hotonta da muryarta haƙƙinta ne, ga kuma inda za ta kai kuka idan an baza su. Talaka ya riga ya ji labarin dokar da ke ɗaure shi idan ya yi magana. Ya kamata ya ji labarin wadda ke kare shi da ƙarfi ɗaya. Samarin da suka yi karatu su ma akwai aikin da ya fi tura bidiyo: su zauna da iyayensu su sa musu makullin waya, su kunna lambar sirri ta biyu da ke hana ƙwace asusu, su gyara wurin da ke hana a jefa mutum cikin zaure sai da yardarsa. Waɗannan duka suna cikin manhajar, minti kaɗan ne. Tun 2022 ma mutum yana iya fita daga zaure ba tare da an sanar da kowa ba sai admin, kuma admin mai mutunci ba ya tashi ya yi shela.

Amma abin da na fi so ba ya buƙatar hukuma ko kamfani. Kowane gida, kowace ƙungiyar adashe, kowane zauren 'yan gari ya san mutanensa da ba sa ciki, ko don sun fita, ko don ba su da babbar waya, ko don tsufa. A san su da suna, a ɗora wa mutum ɗaya alhakin kai musu labarin haihuwa da rasuwa da ranar taro, da ƙafa ko da kira. Shawarar da ta shafi kuɗin mutane ko aurensu ko gonarsu kada a yanke ta a zaure, a yanke ta inda ake ganin fuskar juna. Wanda bai zo suna ba, kafin a ce ya yi girman kai a fara tambaya wa ya je ya gaya masa.

Lokacin yin wannan magana shi ne bayan an ɗaure damma an cika rumbu, kafin samari su kama hanya. A makonnin nan ne ake sayen sababbin wayoyi, a bar wa amare, a buɗe zauruka, a zuba lambobin mutane. Maigida ya tara 'ya'yansa da matansu ya faɗa musu a fili: muryar da aka aiko maka taka ce kai kaɗai, wadda ta ce ba ta son zaure a bar ta, kuma mai tafiya ya ware kuɗin kira ko da sau ɗaya a mako, don matarsa ta samu hanyar jin sa wadda ba dole sai ta wannan manhaja ba.